Rariyar Gidana da Simintin Wakafi

Zuwa ga Malam Labbo na Bungudu da Malam Sa'adu na Tsafe, masu riƙon wakafin marigayi Alhaji Mamman mai fata, Sabon Gari, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya Laraba da hantsi bangon madafin gidana ya faɗi. Ba wanda ya ji rauni. Randa ɗaya da tukwane biyu sun tafi, turmi kuma yana ƙarƙashin ƙasa har yanzu, amma muna kyautata masa zato. Ginin da ke bin madafin shi ne ɗakin da nake kwana, wanda mahaifina ya gina, kuma gindinsa ya sha ruwa har daidai gwiwar mutum. Maginin da na kira ya duba ya ce in aka sake yin ruwa biyu irin na shekaranjiya, ɗakin zai bi madafi. Ba ni da wani gida ban da wannan.

Na sa wannan labari gaba da gaisuwa domin gaisuwa tana iya jira. Yanzu ga ta. Ina gaishe ku gaisuwar ƙane ga yayyensa, ina tambayar lafiyarku da ta iyali, da yadda damina ta same ku. Allah ya sa gero ya yi kyau a Tsafe, fadama ta yi albarka a Bungudu, amin. Sunan Malam Labbo ne a farko a kan wannan wasiƙa saboda harafinsa ne ke gaba a jerin baƙaƙen boko, ba don wani dalili ba. A cikin wasiƙar zan riƙa juyawa, don kowa ya samu.

Kuna iya tambaya me ya kai maganar maƙwabta cikin jarida. Amsa ita ce, ku biyu ba ku zauna a tabarma ɗaya ba tun ranar jana'izar Alhaji, kuma ba ku karɓar wasiƙar juna. Na je wa kowannenku da ƙafata sau biyu, kowa ya ce mini sai abin da ɗayan ya ce. Amma na san ana kai wa kowannenku jarida a zaurensa. Ita kaɗai ce tabarmar da na samu wadda za ta ɗauke ku tare. Masu karatu da ba su san mu ba su yi haƙuri in ɗauko maganar daga tushe.

Na farko, hanyar ruwan.

Gidana yana bayan gidan Alhaji Mamman, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ƙasar wurin ta gangara daga yamma zuwa gabas, saboda haka duk ruwan da ya sauka a tsakar gidana wajen katangar nan yake nufa. Maƙwabtana na sauran ɓangarori uku duk sun fi ni tudu. In na ce zan tura musu ruwa, sai dai in koya masa hawa. Tun zamanin da layin dogo ya iso Gusau, da mahaifina da Alhaji suka gina gidajensu, suka bar rariya a gindin katangar, wato kafa wadda faɗinta bai wuce bakin ƙwarya ba. Ruwa yana bi ta nan, ya ratsa tsakar gidan Alhaji ta wani ɗan kwari, ya fita kwatar bakin titi. Ba a rubuta kome ba. Mutanen da suka yi wannan shiri a akushi ɗaya suke cin tuwo, da wani ya kawo musu takarda da sun ɗauka zagi ne.

Alhaji ba haƙuri kawai ya yi da ruwan ba, amfani ya yi da shi. Ya dasa lemun tsami a bakin kwarin, kuma da rani ruwan wankanmu da na wanke-wanke ne abincinsa. Duk shekara in itacen ya yi 'ya'ya, sai ya aiko mana da faifai guda cike, ya ce a gaya wa Malam Isa ga ribar ruwansa. Mai ɗakina, Hajara, takan ce a gaya wa Baba Alhaji mu ma mun gode da bai sa mana kuɗin fito ba. Haka aka yi shekara da shekaru. Itacen yana nan, kuna iya zuwa ku tambaye shi wa ya raine shi.

Na biyu, ranar da aka rubuta takarda.

Shekara biyu ke nan Alhaji ya tara shaidu ya ce ya yi wakafin gidan nan, ya zama masaukin baƙi: fatake, da masu koro shanu, da masu niyyar Makka ta ƙasa da ke ratsawa ta Gusau. Ya naɗa ku ku biyu ku riƙe, ya ba ku makullai, ya koma gidansa na bakin kasuwa. Bai cika wata biyu ba Allah ya karɓi abinsa, tun ba a sa maganar a takarda ba. Allah ya jiƙansa, ya sa masaukin nan ya zame masa masauki a can.

Da rani ya tsaya aka ɗauko magatakarda, aka kira dattawan unguwa, aka zagaya gidan kamar yadda aka saba, ana nunawa yana rubutawa: ɗaki kaza, rijiya ɗaya, lemo ɗaya, shago ɗaya a bakin titi. Malam Sa'adu ya zo da safe ya yi nasa zagayen, Malam Labbo ya zo bayan azahar ya yi nasa, saboda haka dattawan sau biyu suka sha rana. Ga inda aka samu tangarɗa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san inda ake ajiye kara bayan kaka: jingine shi ake yi da katanga. Alhaji ya kwaso karan gonarsa kaf na shekarar, an jera shi jikin katangar da ke tsakaninmu daga wannan kusurwa har waccan, ruwan wankanmu yana sulalewa ta ƙarƙashinsa ba mai gani. Ba kuwa wanda zai kama ɗaga karan mamaci a ranar da ake ƙidayar gidansa, a ce wani abu yake nema. Magatakarda ya dubi abin da ya fito saman kara, ya rubuta cewa katangar yamma lafiyayya ce, ba tsaga, ba kafa.

Wajibi ne in faɗi gaskiya ko da a kaina za ta faɗo. Ina cikin shaidun. Da yake an san na yi shekaru a maɗaba'a a Zariya ina gyaran kurakurai kafin a buga, sai aka miƙo mini takardar aka ce in duba. Na karanta ta sau biyu. Na gyara kalma uku da aka rubuta ba daidai ba, na ƙara aya a wuri biyu, na ce a sake layin ƙarshe don ya karkace. Sa'an nan na sa hannu a ƙarƙashin maganar da ta ce babu kafa a katangar da ruwan wankana na safiyar ranar yake bi a daidai lokacin. Hajara ba ta bar ni na manta da wannan ba, ba sai kun tuna mini ba.

Na uku, siminti.

Daminar bara ta wuce lafiya, ruwa ya bi hanyarsa a ƙarƙashin kara, domin shi bai karanta takardar ba. Amma baƙi suna sauka, baƙo kuwa yana son wuta. Wannan ya zari kara ya dafa wake, wancan ya zara ya ji ɗumi, kafin bazarar bana katanga ta fito fili. A cikin wannan hali Malam Sa'adu ya zo duba amana, da takardar da ya haddace tun ranar da aka karanta masa. Takarda ta ce ba kafa, katanga ta ce ga kafa. Malam Sa'adu ya gaskata takarda. Ya kira magini, ya aika kanti aka sayo siminti, aka cika rariyar da duwatsu aka shafe. Ni ina Zariya a lokacin, na je suna. Hajara ta ji ana ƙwanƙwasa a bayan katanga, ta ɗauka yashe rariyar ake yi saboda damina, har ta aika wa magini da fura.

Ina so in yaba aikin, don a san ba ni da ƙiyayya. A duk layinmu babu inda aka sa siminti sai wurin nan. Gidajenmu na ƙasa ne, masallacinmu ma na ƙasa ne. Idan gidana ya rushe, gidan wakafi ya rushe, waɗanda za su zo bayanmu za su tarar da wannan dunƙule yana nan daram, su yi ta mamakin irin dukiyar da aka ɓoye a bayansa.

Na huɗu, tafiye-tafiyena.

An ce zuwa da kai ya fi aike. Da ruwan farko ya tsaya a tsakar gidana ya ƙi tafiya, na hau lori zuwa Tsafe. Na tarar Malam Sa'adu ya tafi Bilbis ta'aziyya, na jira shi har la'asar. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini abinci, ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya shiga gida ya fito da takardar a cikin gafaka, ya ɗora yatsa a ƙasanta, ya ce, "Malam Isa, wanga hannu na wa ne?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To, kai da ka iya boko ka ce babu kafa, ni da ban iya ba in ce akwai? Abin da anka ba ni amana, shi nika riƙewa. Katanga lafiyayya anka ba ni, lafiyayya za ni mai da ta gaban Allah."

Na ce to, a fasa simintin mu ga ko bakin kafar sabo ne ko tsoho. Nan ya bayyana mini ƙa'idar da ta tsare ni har yau. Ya ce takardar ta ba kowane ɗayanku ikon yin gyara shi kaɗai, amma rushe wani abu na wakafi sai da yardar ku biyu. Toshe kafa gyara ne, mutum ɗaya ya isa. Fasa siminti rushewa ce, tun da da kuɗin wakafi aka saye shi, ya zama dukiyar wakafi. Ya ce, "Tahi Bungudu. In mutumin can ya yarda, sai mu gani." Na koma gida na duba kwafin da ke hannuna, na ga haka ƙa'idar take. Ni ne ma na sa mata aya.

Bayan kwana biyu na nufi Bungudu. Na sami Malam Labbo a bakin gulbi yana duba rakensa. Shi bai bar ni na gama ba. Ya ce, "Rariyar Mamman? Ni kaka gaya ma? Na san ta tun ba ka da gemu! Can ƙahwata ta taɓa shigewa ina bin zakara ranar sunan ɗiyarshi, wata guda na yi ina ɗingishi." Raina ya yi fari, na fito da takarda da alƙalami na ce ya rubuta mini haka, ya sa hannu a kan ya yarda a fasa. Sai ya mai da hannuwansa cikin riga. Ya ce, "Wanda ya liƙe ba da shawarata ba, shi zai tako ya zo nan ya ce ya yi kuskure. In na sa hannu yanzu, na bi bayanshi ke nan. An yi mini haka sau ɗaya a maƙabarta, ba a ƙarawa." Ya ba ni rake biyu na kawo wa Hajara.

Ba zan shiga abin da ya faru ranar jana'iza ba, game da wanda ya kamata ya shiga gaba ya yi wa Alhaji salla. Ina sahu na uku, ban ga kome ba. Abin da na sani shi ne Gusau tana tsakanin Tsafe da Bungudu, kuma tun ranar nan duk abin da ɗayanku ya jefi ɗaya da shi, a tsakar gidana yake faɗowa.

Na sake komawa Tsafe da labarin ƙafar Malam Labbo. Malam Sa'adu ya ce ƙafar mutumin can ba hujja ba ce, ko a kan dandali tuntuɓe yake yi. Sa'an nan ya kawo sabuwar magana. Ya ce ko da a ce kafar tsohuwa ce, da can gidan Mamman ne, Mamman kuwa yana da ikon ya bar ruwan wankan maƙwabci ya ratsa masa gida. Yanzu gidan na Allah ne, shi kuwa ba zai sa hannu ruwan sabulu ya bi ta dukiyar Allah ba. Na ce ruwan sama fa? Ya ja carbi, ya ce wannan kam Mai gidan ne ya aiko shi, ba a hana shi wucewa. Na ce madalla, to ta ina zai wuce? Ya ce wannan kuma maganar mutum biyu ce. Da na kai wa Malam Labbo wannan fatawa, dariya ya yi har rawaninsa ya kwance, ya ce in tambayo masa ko baƙin da ke sauka a gidan ba su wanka. Bai dai sa hannu ba. Ya ƙara mini rake.

Na biyar, maganar jingina.

Yanzu ga hujjata, kuma daga aikinku na ciro ta. Shagon bakin titi na gidan wakafi yana hannun Mista Okoro, tela, mutumin kudu da ya daɗe a garin nan, wanda ke ɗinka mana rigunan Salla ya tafi cocinsa ran Lahadi. Shekaru kafin wakafi, da cinikin fata ya yi wa Alhaji tsaiko, ya karɓi fam goma sha biyu a hannun Mista Okoro ya jinginar masa da shagon, a kan ya zauna a ciki har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Da gidan ya koma hannunku, ba wanda ya ce wa Mista Okoro ya kwashe kekensa don gida ya zama na Allah. Ku duka biyu, kowa a lokacinsa, kun ce masa jingina tana bin gida duk hannun da ya shiga, domin Alhaji ba zai iya ba Allah fiye da abin da ya mallaka ba. Wannan ita ce magana ɗaya tak da na san bakinku ya zo ɗaya a kanta tun bayan jana'iza, kuma daidai ce.

To, ni ma ita nake roƙo a yi mini. Abin da Alhaji ya mallaka gida ne wanda shagonsa ke hannun wani, ruwan wani kuma yana ratsa shi. Shi ya bayar, ba wani gida dabam ba. Wakafi yana canza mai riƙo da wanda zai amfana, ba ya sauke wa gida kayan da ke kansa. Wanda aka ba gona mai burtali a tsakiya ba ya cewa shanu su yi fiffike don gonar ta canza hannu. Na duba abin da ke wurina na littattafan fikihu, na tambayi malaman da suka fi ni a nan Gusau, har da wani dattijo daga 'Yandoto da ya sauka a gidan wakafin kansa, ban sami wanda ya ce hanyar ruwa tana mutuwa da mutuwar mai gida ba. Dattijon ya hau kan tubali ya leƙa tsakar gidana ta saman katanga, ya tambaye ni ko an fara samun kifi.

Bambancina da Mista Okoro ɗaya ne: shi yana da takarda mai kan sarki, ni kuwa ina da lemo da ƙafar Malam Labbo. A maɗaba'a, in mai jera baƙaƙe ya tsallake layi, ba mu cewa marubuci bai faɗa ba. Mukan sa alama a gefe, a mai da layin inda yake. Takardar wakafi ta tsallake layi ɗaya, mai gyaran kuma ya yi gyangyaɗi. Ina roƙon a bar shi ya sa alamarsa, ko da a makare.

Na shida, halin da ake ciki.

Tsakar gidana yanzu tafki ce. Mun jera duwatsu daga zaure zuwa ɗaki, baƙon da bai saba ba sai an riƙe masa hannu. Agwagin maƙwabcina na arewa sun gano wurin, suna zuwa da safe su tashi da yamma kamar ma'aikatan ofis. Kwaɗi kuwa sun tare gaba ɗaya. Duk ruwan da aka yi, ni da Hajara muna kwasa da ƙwarya da garwa muna kaiwa titi ta zaure, mu duka biyu kuwa mun wuce shekarun wannan aiki. Ran Juma'ar da ta wuce ta ajiye garwa ta ɗauko taɓarya, ta ce, "Malam, kauce mini. Duka uku zan yi wa simintin nan, in ya so su zo su same ni." Na ce dukiyar wakafi ce, ba a taɓa ta sai da izini. Ta ce, "Kai da izininka. Ranar da ɗakin ya taho kanka, sai ka ce masa ya dakata a je Bungudu." Na karɓe taɓaryar na ɓoye. Ban san ko na yi daidai ba.

Mai unguwa ya zo ya gani, ya ce maganar wakafi ta fi ƙarfin hularsa. Abokai sun ce in kai ƙara gaban alƙali. Ina da wannan dama, kuma ina tsammanin zan yi nasara, amma alƙali zai aiko muku da sammaci ya gurfanar da ku kafaɗa da kafaɗa, dattawa biyu masu furfura, a kan kafar da ba ta wuce bakin ƙwarya ba. Na sha lemon Alhaji shekaru da yawa, ba na son in yi wa amintattunsa haka sai in ba makawa.

Akwai kuma abin da ban tabbata kun sani ba. Ruwa ba ya zama wuri ɗaya don an hana shi hanya. Ya sami ramukan gafiya a ƙarƙashin katanga, ya bi su ya ratsa gidan wakafi ta ƙasa, bai ɓullo ko'ina ba sai cikin shagon Mista Okoro. Shekaranjiya na tarar da shi ya ɗora keken ɗinki a kan tubali huɗu, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana ɗinki. Ya ce, "Malam, ni shago na karɓa jingina, ban karɓi kogi ba. In ya faɗi, wa zai ba ni kuɗina, Tsafe ko Bungudu?" Amma ku lura: in shagon ya zube, kun rasa ginin, kuɗin mutumin kuma yana nan a wuyan wakafi. Katangar da Malam Sa'adu yake son mayarwa lafiyayya ita ma ƙasa ce, tana kuwa shan ruwa daga ɓangarena ba hutu. Amanar da aka toshe rariya don a kare ta, ita ce ruwan yake ci yanzu.

Saboda haka ina roƙon abu uku, cikin ladabi.

Ɗaya, a fasa simintin kafin ruwa na gaba. Ba sai kun haɗu ba. Na rubuta izinin a takarda biyu iri ɗaya, kalma da kalma, kowace da wurin sa hannu ɗaya tak, ba na sama ba na ƙasa. Na ba direban lorin Tsafe ɗaya, na ba na Bungudu ɗaya. Kowa ya sa hannu a tasa ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, don kada a ce wani ya riga wani. Ladan magini a kaina. In kuma ana so a adana dukiyar wakafi, zan tattara ɓaraguzan simintin in ƙulle a tsumma in kawo, rabi Tsafe rabi Bungudu.

Biyu, a ƙara layi ɗaya a takardar wakafi, cewa ruwan gidan da ke yamma yana da hanya ta rariyar nan, ko a hannun wa gidan wakafi yake, ko a hannun wa gidana yake. Ni da ku duka masu tafiya ne, kada 'ya'yanmu su gaji wannan zirga-zirga.

Uku, game da ruwan sabulu. In har zuciyar Malam Sa'adu ba ta kwanta ba, na yarda in haƙa rami a gidana saboda ruwan wanka, rariya ta zama ta ruwan sama kaɗai. Sai dai a nemi wanda zai riƙa shayar da lemon da rani, domin shi ma yana cikin takarda, kuma a raye aka ba ku shi.

Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ku ladan amanar da kuka ɗauka ba don abin duniya ba, wadda na shaida ba wanda ya ci ko anini a cikinta. Allah ya sanyaya abin da ke tsakaninku, ya jiƙan Alhaji Mamman da mahaifina da suka bar kafar nan, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba ruwanta hanya.

Iyakar maganata ke nan. Wassalam.

Ni ne ƙanenku,
Isa, maƙwabcin gidan wakafi,
Sabon Gari, Gusau.

Ƙari: Ina shirin kai wannan wasiƙa gidan waya sai Mista Okoro ya tare ni a bakin shago. Ya ce wani mai karɓar ɗinki daga Tsafe ya gaya masa an shiga tsakaninku, kun yarda ku haɗu a Gusau ku duba rariyar da idonku, bayan kaka in hanya ta bushe. Ban sami wanda ya tabbatar mini da labarin ba tukuna, mutumin kuma bai ji an faɗi kakar wace shekara ba.